Birkin Keken Illa

Ni mai walda ne, kuma ba yabon kai ba, a Madawa idan aka ce gyaran keke ko amalanke, rumfata ake nunawa. Mahaifina manomin gero ne a Sabon Gida, bai bar mini gado ba sai suna mai kyau. Wannan sunan ne na sayar da araha, shi ya sa nake son ku matasa ku saurare ni.

Da ƙanana na fara. A kawo mini keke, in cire sabon kusa in sa tsoho, in shafe da fenti. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙara, sai na fara ganin kaina mai wayo.

Wata shekara, bayan naƙasassu sun daɗe suna zarya a ofisoshi, aka samu aka sa musu ɗan kaso a kasafin kuɗi. Ku san cewa sai an gama da hanya, da gini, da man motocin manya, sannan ake waiwayar su, kuma in an waiwaye su sau ɗaya, sai a yi shekaru ba a sake ba. Da kuɗin aka sayo kekunan guragu, irin masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. A wargaje suka zo, aka ba ni aikin haɗawa.

Da na buɗe kwalayen na ga wayoyin birki da robobinsu sababbi ful, sai zuciyata ta ce: gurgu da ke tafiya kamar ana jan shi, ina ruwansa da birki? Na kwashe su kaf na sayar wa masu kekuna, na ɗaura tsofaffin wayoyi da tsatsa ta cinye, na bi su da baƙin fenti. Ni ɗan ƙasar shimfiɗe ne, duk tunanina a lallausan yashin garinmu ya tsaya. Ban ko tambayi inda za a kai kekunan ba, ashe wasu ƙasar Keita za su, inda hanya ke hawa dutse tana sauka.

Ranar rabo aka kafa rumfa, aka yi jawabai, har tafi aka yi mini. Cikin waɗanda suka samu akwai Illa, mai ɗinkin takalma daga wani ƙauye na Garhanga, can ƙasar Keita. Tun yana yaro shan-inna ta kashe masa ƙafafu, da hannuwansa yake tafiya, yana sa musu silifa. Ya kama hannuna ya ce, "Maigida, Allah shi biya ka. Yanzu kam kasuwa da kaina ni ka zuwa." Na ce amin, ko kunya ban ji ba.

Ba a jima ba, ran wata kasuwa, Illa ya biyo gangaren ƙauyensu da akwatin aikinsa a baya. Ya matsa birki, waya ta tsinke. Keken ya kwashe shi har cikin duwatsu, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Jandarmomi suka duba sauran kekunan, suka kankare fentin, suka zo rumfata. A gaban alƙali na so in yi musu, sai ya ce, "Kai, mutumen nan ƙafa nawa gare shi?" Na ce ba shi da ko ɗaya. Ya ce, "To hannun nan da ka karya, shi ne ƙafarsa, shi ne gonarsa." Nan take aka yanke mini hukunci, aka wuce da ni gidan kaso.

A kaso ba yunwa ce ta fi damuna ba, ba kuma zafin ɗakin ba. Duk lokacin da na ɗaga hannu zan kai loma baki, sai in tuna da Illa, in mai da lomar cikin kwano. A nan na tuba, tuba ta gaskiya.

Da aka sake ni, kafin in je gida sai na nemi motar Keita. Na tarar da Illa a zaure, hannun ya warke a sandare, ba ɗinki, ba tafiya. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Ya ce, "Batun yahe maka, sai mun yi magana. Yanzu dai taho ka ɗauke ni ka kai ni masallaci. Da can da kaina nike zuwa." Na goya shi. Mutum ne mara nauyi, amma ban taɓa ɗaukar abin da ya danne ni kamarsa ba, hawaye na yi ta yi har ƙofar masallaci.

Na zauna a ƙauyen na sake ƙera kekensa, na mai da matuƙin ɓangaren hagu, na sa birki biyu. Yanzu yana kai kansa kasuwa yana sayar da goro, amma allurar ɗinki ya bar ta har abada, kuma wannan ba walda da za ta gyara shi.

Ga masu raba kuɗin ƙasa ina cewa: ku ƙara wa naƙasassu kasonsu, ku sa kuɗin gyara a ciki, kuma ku bar su su duba kayansu da kansu kafin a yi tafi. Ku kuma matasa, in an damƙa muku kayan mai rauni, kada ku ce ai ɗan kaɗan ne, ba zai gane ba. Jikinsa zai gane.

Na koma sana'ata, kuma ina kallon kowa ido cikin ido. Duk keken gurgun da zai fita daga rumfata, sai na ɗora shi a mota na kai shi gangaren su Illa, na zauna a ciki, na naɗe ƙafafuna, na sake shi.