Makaɗan da suke wucewa shiru

Jiya a Filinge ina duba waya, na ga wani tsohon ɗan ƙwallo mai dukiya yana kuka, wai hankalinsa ya taɓu. Na yi dariya na ce, "Da wannan arzikin, mi ya dame shi?"

Kakata tana tsintar wake, ta ɗago kai. "Maigidana, kakana ka yi wa dariya."

Ta ce lokacin da Nasara suka shigo ƙasarmu ta Kurfai, kakanta ya riga ya bar kokawa. Bayansa bai taɓa ƙasa ba, ga shanu ga rumbuna. Sai ciwo ya same shi. Da ya ji gangar kokawa sai ya fito yana makyarkyata, yana kokawa da iska har ya faɗi yana kuka.

Na ce, "To, mi mutane suka yi?"

"Bayan girbi, in makaɗa sun iso ƙofar gidansa sai su rataya ganga, su wuce shiru. Sai bayan gari suke bugawa. Ba wanda ya ce ai shina da shanu."

Na kife wayar, kunya ta rufe ni.

Ku faɗa mini, yau wa muke rataya wa ganga?