Katin Memori da Aka Ba Ƙanena Ya Saka

Shekaranjiya na buɗe wata tsohuwar kwamfuta da aka kawo mini gyara, ƙaurin ƙurar cikinta ya mayar da ni flat ɗinmu da ke wani dogon bene a unguwar Thamesmead, nan ƙasar waje, hawa na shida, ina ɗan shekara goma sha biyu.

Baba likita ne, kuma ya zo da Kano ɗinsa cikin akwati bai bar komai a baya ba. Ni ne ɗan fari, don haka ba ya kiran sunana, ba ya wasa da ni a gaban mutane. Ƙanena kuwa, haihuwar nan, har wuyansa yake hawa. Na san kunya ce irin ta manya, amma sanin bai taɓa rage mini zafi ba.

Kwamfutarmu irin wadda ake jonawa da talabijin ce, ƙwaƙwalwarta ba ta ɗaukar manyan wasanni. Wata Asabar cikin hunturu Baba ya dawo daga kasuwar Deptford da katin memori a leda mai ƙyalli. Akwai ɗan murfi a ƙarƙashin kwamfutar, nan ake zura shi. Mako guda ina haddace takardar bayaninsa, ina jiran a ce in saka. Takardar ta yi gargaɗi cewa a taɓa ƙarfe kafin a taɓa katin, domin wutar da jiki ke tarawa daga kafet tana iya ƙona shi.

Ranar sakawa Baba ya kife kwamfutar a kan tebur, ya dubi wajen da nake, sai ya kira ƙanena.

"Zo, Auta, hannunka ya fi ƙanƙanta."

"Me? Okay!" in ji shi da Turanci, yaron da ko takardar bai buɗe ba.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Suna tafiya wanke hannu na goga safata a kafet har sau ashirin, na dangwala yatsa a kan katin. Na ji ɗan ƙas. Da suka dawo ƙanena ya zura shi daidai, aka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Sau uku ana cirewa ana mayarwa. Auta ya fashe da kuka, ni kuwa daɗi ya cika ni, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan la'asar Umma ta same ni a kicin.

"Kai ya sayo wa fa," ta ce. "Malaminku ne ya ce kana da kai a wannan harkar. Ka san ba zai iya miƙa maka da hannunsa ba."

Ba a sake sayen wani ba.

Yanzu sana'ata ke nan, masu tara tsofaffin kwamfutoci suna turo mini nasu daga ko'ina. 'Yata ta fari kuwa kiran sunanta nake yi har ta gaji da ni. Amma idan wayar Baba ta rikice, har gobe Auta yake nema, kuma har gobe abin yana cina, da furfurata. Auta kuma sai ya yi dariya ya miƙo mini wayar, ya ce tun yana ƙarami hannunsa ba ya shiri da na'ura, duk abin da ya taɓa sai ya mutu. Shekara talatin ke nan yana faɗin haka a gabana, ban taɓa gyara masa zancen ba.