Ɗanyun Hotunan Kawu

Kawuna mai hoto ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a shago guda mai ɗaki biyu. A na gaba akwai benci da madubi, da mataji da aka ɗaure da zare don kada wani ya wuce da shi. A na ciki akwai shuɗin labule da fitilu biyu da kujera mai juyawa. Duk wanda ya taɓa neman aiki ko makaranta a layin nan ya zauna a kan kujerar nan. Kawu ba ya hira da mai zuwa ɗaukan hoto. "Ɗaga haɓa. Kaɗan. Ya isa." Maganarsa ke nan tun safe har a rufe shago.

Da aka daina yayin kyamara mai fim ya sayi kwamfuta, yana ƙunƙuni. Yadda yake ajiya a cikinta kuwa, shi kaɗai ya san kan abinsa. Folda ta shekara, a cikinta ta wata, a cikin ta wata ta rana, a cikin ta rana kuma mutane da sunan da shi ya raɗa musu: "mai gilashi", "matar direba", "jaririn da ya ƙi shiru". Ban da waɗannan akwai "sabo", da "sabo biyu", da "sabo na gaske", kowacce da nata 'ya'ya da jikoki. Faifan ajiya in ya cika, sai ya naɗe shi a tsohuwar safa ya jefa a durowa. Huɗu suka taru.

Matarsa, da muke kira Anti, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Bai rataye hotonta ko'ina ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sai ciwon ido ya kama shi, irin mai cin jijiya. Likita bai ɓoye masa ba: na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma 'yan watanni ne suka rage masa.

Wata Asabar da safe ya aika a kira ni. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma tunda aikin kwamfuta nake yi, a wurin dangi ni ce mai gyaran komai, har da rimot.

"Ke 'yar nan," ya ce, "Antinki nake so in gani tun idon nan yana da saura."

"A ina ka ajiye hotunanta, Kawu?"

"Suna ciki." Ya nuna safa huɗu a kan tebur.

Ashe mako biyu ya yi yana buɗe folda ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfutar, ko shekara ta uku bai kai ba. Na ce masa ya huta. Na zauna na rubuta wa kwamfutar umarni, layi goma sha biyu: ta shiga kowace folda, ta leƙa duk foldar da ke cikinta har ƙasa, duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da jpg, wato alamar fayil ɗin hoto, ta kwafo shi wuri guda. Kwafa na ce, ban ce ta kwashe ba, don na san in fayil ɗaya ya bar mazauninsa ba zan sake shan ruwa a gidan nan ba. Na kuma sa ta liƙa wa kowanne lamba, saboda kyamara ba ta gajiya da maimaita suna, kada wani ya hau kan wani.

Daga hantsi har bayan la'asar tana aiki. Hoto dubu ɗari da tamanin da uku. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na juya masa kwamfutar ya ga adadin.

Tarawa ce mai sauƙi. Dubawa kuwa sai da ido, nawa, tunda nasa ba na ɓarnatarwa ba ne. Duk yamma in na tashi daga aiki sai in biya shagon, in jera su ƙanana ƙanana, in yi ta gangarawa. Haɓa a ɗage, haɓa a ɗage, shuɗin labule. Na ga malaminmu na lissafi da sauran gashi a kansa. Na ga kaina da giɓi. Mako biyar na yi a haka. A cikin makonnin nan Kawu ya daina gane mai shigowa sai ya yi magana, ya fara lalubar bakin tebur kafin ya ajiye kofi.

Ranar da na kai ƙarshe raina ya ɓaci, kuma ban iya riƙe bakina ba.

"Kawu, babu ita. Ko ɗaya. Shekara talatin kana ɗaukan mutanen gari, matarka ta gagare ka?"

"Na ɗauke ta mana," ya ce, ko a jikinsa. "Ban dai gyara ba."

"Kamar yaya ba ka gyara ba?"

Ya yi mini bayani kamar mai koya wa yaro ɗaurin takalmi. Kyamararsa ɗanyen hoto take fitarwa, mai nauyi, wanda ba kowace na'ura ke buɗewa ba. Sai ya zauna ya daidaita haske da launi, sannan ya mayar da shi jpg ya ba mai shi, ɗanyen kuma ya goge don samun wuri. Mai jira a benci shi ake fara sallama. Na gida kuwa ba inda za su je, sai ya ce gobe.

Wato mako biyar ina tace hotunan da aka gama, ita kuwa tana cikin waɗanda ba a taɓa ba. Na ji haushinsa, amma na fi jin haushin kaina. Tambaya ɗaya ce ban yi ba a ranar farko, don ina ɗokin nuna gwaninta.

Haruffa uku na canza a cikin umarnin, na cire jpg na sa alamar ɗanyen hoto. Ko minti huɗu ba a yi ba ta gama. Fayil sittin da ɗaya, daga lunguna daban daban, wasu a ƙarƙashin folda bakwai.

Na buɗe na farko. Anti ce tsaye a ƙofar shagon, lema a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, baki a buɗe, da alama faɗa za ta fara. Hoton ya fita tar, har zaren bakin mayafinta ana iya ƙirgawa.

"Ga ta, Kawu."

Ya jawo kujera. Na ƙara girman hoton har fuskarta ta cika gilashin, na ƙure haske. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ko da yake ba abin da yake gani da shi, ya matsa, ya ja baya, ya karkata kai yana neman gefen da ya rage masa. Ya daɗe a haka.

"Ta motsa," ya ce. "Duba yadda ya yi dishi-dishi. Ba ta taɓa tsayawa a ɗauke ta yadda ya kamata ba. Wuce na gaba, wataƙila shi ya fita."

Na ce, "To, Kawu." Na wuce na gaba.