Tulun da Kawu Illo Ya Bari a Ƙasan Bene

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris 2014, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran kawuna Illo a Paris. Taron aiki na kwana biyu ya kai shi. Yana tsaye a gar, wato tasha, yana jiran jirgin ƙasan da zai maido shi Lyon, zuciyarsa ta tsaya. Shekarunsa arba'in da huɗu. An kai shi gida Tasawa, an kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa.

Kawu, ni ce Ruwaida, 'yar yayarka, wadda kake kira Malama Shiru. Yau kwananka goma sha tara. Har yanzu in asansar, na'urar hawa bene, ta tsaya a hawanmu na bakwai, sai in ɗaga kai.

Mutane da yawa sun fi ni sanin alherinka. Ɗaliban da suka zo daga Nijar da rigar shadda a tsakiyar Oktoba sun san wanda ya tarye su da manto, rigar sanyi, a hannu. Tsohuwar hawa na tara ta san wanda ke hawa mata da kayan cefane duk ranar da asansar ta mutu, a unguwarmu Minguettes kuwa asansar ba ta daɗewa da rai. Nawa ɗan kaɗan ne. A shekarata ta farko a lise, babbar sakandare, aka ce in yi bayani gaban aji, na yi kwana uku ba na iya cin abinci. Ka zo kicin ɗinmu, ka ja kujera, ka juya mini baya, ka ce in yi wa ƙeyarka bayanin. Sau biyar na maimaita. Da na gama ka ce ƙeyar ta gamsu.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Akwai maganar da ake yi a kanka, kuma ni kaɗai na san ba haka take ba.

Mama ta hana ni karatun littattafan soyayya. Wata 'yar uwarmu ke kawo mini su daga Maradi a ƙasan akwati, a cikinsu ma na koyi rubuta Hausa. Sai na riƙa ɓoye su a kab, ɗakin ajiyar da ke ƙasan benenmu, wanda gidanmu da naka ke amfani da shi tare. In na taso makaranta in sauka, in zauna kan kwali in karanta shafi ashirin. Wata Laraba a Nuwambar bara ka buɗe ƙofa ka same ni. Na so ƙasa ta tsage. Ka dubi bangon littafin, ka ce, "To, ya aure ta ko har yanzu yana tsaye a zaure?" Sannan ka ɗaga tsohon bargo a lungu ka nuna mini naka asirin.

Tulun gilashi ne babba, cike da ruwa mai launin kunu. A bakinsa akwai ɗan bututu mai lanƙwasa, iska na fita ta ciki, ɓul, can kuma ɓul. Na ji warin na ja da baya. Ka yi dariya ka ce i, hancina bai yi ƙarya ba, a yanzu giya ce. Aikinka ke nan a labo, ɗakin bincike, sanin yadda abinci ke tsami. Ka jiƙa gero ya tsiro, ka shanya, ka niƙa, ka dafa, ka sa masa yis irin na burodi. Ka ce binegir kake so, wato khal, irin wanda ake zuba wa salati, kuma ba shi da wata hanya sai ya bi ta nan.

"Masu yin giya, sati biyu ko uku sun ɗure ta a kwalba, suna tsoron ta lalace. Ni lalacewar nake jira, 'yata."

Da iskar ta daina fita ka cire bututun, ka ɗaure bakin da farin ƙyalle. Daga nan sai jira. Disamba, Janairu. Kab ɗin da sanyi, abin ya ƙi sauri. Ina karatuna, tulun na gefena bai motsi, sai wata 'yar farar fata siririya da ta fara kwanciya a kan ruwan. Ka haska ta da fitilar waya kana murna kamar an yi maka haihuwa. Ka ce in zafi ya shigo, wajen Mayu, za mu tace mu ɗura. Ka ce kada in gaya wa Mama ko matarka Tanti Rékia tukuna, don in suka ji warin ba za su tsaya jin bayani ba. Ban taɓa ganin ka kai ko ɗigo bakinka ba. Da ɗan tsinken takarda mai sauya launi kake gwadawa.

Kwana biyu bayan rasuwarka aka buƙaci manyan akwatunanka. Ni aka ba makulli. Na sauka da Alhaji Adam, babban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, da wasu maza biyu, Mama na biye da mu. Ɗayansu ya ja bargon. Alhaji ya kwance ƙyallen, ya sunkuya, ya ɗago a hankali.

"Illo? Illo da ke sahun gaba?"

Sai ya ce a rufa wa mamaci asiri, kada maganar ta fita daga nan. Suka kama tulun su biyu, suka kai bakin magudanar da ke tsakar kab, suka karkata. Ya daɗe yana zuba. Farar fatar ta maƙale a ƙarfen magudanar, wani ya tura ta da takalmi.

Ina tsaye, Kawu. Maganar na bakina. Amma in na ce na sani, za a ce ta yaya, kwalin littattafaina kuwa yana daidai ƙafar Mama. Na yi shiru. Shekarata goma sha shida, kuma saboda littafi goma sha ɗaya na bari aka zubar da sunanka.

Kafin addu'ar bakwai maganar ta kai har unguwar Vaulx-en-Velin. Na ji mata biyu a matakala suna cewa Turai ba ta barin kowa. Na ji masu gaisuwa suna jan "Allah ya yafe masa" fiye da yadda ake ja. Tanti Rékia na zaune cikin takaba, ta daina ambatar sunanka. Ni kuma ko ina nake, a aji ko a tram, jirgin cikin gari, sai in ji ƙarar zubar nan.

Shekaranjiya na kai wa Tanti Rékia fura. Ta riƙe hannuna ba ta dube ni ba, ta ce, "Shekara goma sha biyu, Ruwaida. Wa na aura?" A nan na faɗa. Na faɗa duka, har littattafan, Mama na bakin ƙofa tana ji. Na faɗi abin da ban rubuta a sama ba: geron na gonar Kaka ne, mahaifiyarka, na daminarta ta ƙarshe, wanda aka aiko maka bayan rasuwarta. Ka ce in an yi tuwo da shi sati ɗaya ya ƙare, binegir kuwa yana shekaru. Kwalba biyar ka wanke ka ajiye, kai da 'yan uwanka huɗu, kowa ɗaya.

Mama ba ta ce komai a kan littattafan ba, har yau. Ta zame ta zauna a ƙasa. Tanti Rékia ta rufe fuska da mayafi, ta kira sunanka sau uku.

Ba ni da hujja, ta bi magudana. Hukuncin abin kuma ban san shi ba, na malamai ne. Alhaji Adam, na san alheri ka nufa, laifin nawa ne da na yi shiru. Ina roƙonka ka karanta wannan a taron ƙungiya bayan Juma'a, don ni ba zan iya tsayawa gaban mutane ba. Duk wanda ya kai maganar farko wani gida, don Allah ya kai wannan ma.

Ina miƙa ta'aziyya ga Tanti Rékia, ga Mama, ga su Kawu Karim da Inna Fatsima da Inna Sabuwa a Tasawa. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah ka jiƙan bawanka Illo, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Kawu, mu ma ka yafe mana. Ni ka fara.

Ruwaida
Vénissieux, 30 ga Maris 2014