Buhu Shidan Inna Laraba

Duk wanda ya san garejin nan na bakin hanyar Argungu, in ka ɗan baro Birnin Kebbi, ya san Dankure mai sifirin. Ko in ce ya san ƙafafunsa, don su ake fara gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, sauran jikin sai an yi sallama sau uku. Ɗan masunta ne daga Argungu. Ubansa ya so ya gaje shi a ruwa, amma ina! Ran kasuwa sai a neme shi a rasa, can a tarar da shi tsugune bayan motar kifi, yana kallon yadda take durƙusawa in ana yi mata lodi, take miƙewa in an sauke. Yau shekara talatin da wani abu yana wannan sana'a, kuma har yanzu kallon bai ishe shi ba.

Aikinsa kusan iri ɗaya ne. Da an fara yankan shinkafa, masu a-kori-kura na Ambursa da Gulma za su yi masa layi, kowa bakinsa ɗaya: a ƙara falle. Sifirin ɗin baya dama fallayen ƙarfe ne, wani kan wani. Ka ƙara uku ko huɗu, bayan mota ya ɗaga sama, ta ɗauki abin da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. Mu kuwa, Allah ya shirye mu, in aka ce mota ta ɗauki buhu goma sha biyar, sai mun gwada ashirin hankalinmu zai kwanta.

Shi ya sa ranar da Muhyiddeen, wani manomin Gulma, ya tsaya a kansa ya ce a cire, Dankure ya fito gaba ɗaya daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa. Bara-baran nan da hannunsa ya ƙara wa motar Muhyiddeen falle huɗu.

"A cire mi?" in ji shi.

"Fallayen nan, Baba Dankure. Duka huɗun."

"Ka bar noma ne?"

Muhyiddeen ya zauna kan wata tsohuwar taya ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta faɗi a bakin rijiya ta ji ciwo a baya. Likita ya ce duk Talata a kawo ta asibiti a Birnin Kebbi a yi mata gashin ƙashi, in ba haka ba ƙafafun za su saki, ba za ta ƙara takawa ba. Ba ta iya zama, sai kwance, don haka katifa yake shimfiɗa mata a bayan mota. Zuwa uku ta yi, ta rantse ba za ta ƙara ba, ta ce azabar motar ta fi ta ciwon. Talata biyu ke nan ba ta je ba.

Dankure ya ji tausayi, amma in za a faɗi gaskiya har da ɗoki ya ji, don ba a taɓa kawo masa irin wannan aiki ba. Ya cire fallayen huɗu. Ya samo ƙwarya ya cika ta da ruwa, ya girke ta cikin tsohuwar taya a bayan motar, suka bi wata hanya mai ramuka. Ruwan da ya zube shi ne azabar tsohuwa, haka ya lissafa. Kafin su dawo rabin ƙwarya ya tafi. Motar ta yi laushi kam, amma bayanta ya zauna, in ta faɗa rami sai ta buga ƙarfe da ƙarfe ta yi ta rawa. Ya canza shokozoba mai rage jijjiga, ya shafa giris tsakanin fallaye, ya rage iskar taya. Ruwa dai bai daina zuba ba. Kwana biyu yana fama, har matarsa ta fara tambaya ko ƙwaryar ce sabuwar sana'a.

Rana ta uku ya ce wa Muhyiddeen, "Kai ni wurin Inna. Ni ƙwarya nika tambaya, ga mai bayan tana nan da bakinta."

Suka tarar da ita kwance kan tabarma a inuwar rumbu, siririyar tsohuwa mai kaifin ido. Bayan gaisuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai na mai ƙarfen da ya lalata motar ɗana?"

"Ni ne, Inna. So nike ki gaya mini, duk tafiyar da kunka yi, wace ta fi sauƙi?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, kowa sai dai ya ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Ta farko, wajen zuwa. Ranar da wanga mai rowa ya ce ba ya ƙona mai a banza, ya jera buhunan shinkafa ya aza katifata a kai. Har gyangyaɗi na yi. Da munka dawo ya saida shinkafar, na gane kurena."

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai. Ashe tun daga ranar kunya ta kama shi, ya ga bai dace ya haɗa uwarsa da kaya ba. Sai ya riƙa share bayan motar tas, ya shimfiɗa katifa ita kaɗai a fili, yana ganin gata yake yi mata.

Dankure kuwa dariya ta ƙwace masa, har tsohuwa ta harare shi. Jirgin ubansa ya tuno. In ba kowa a ciki, ɗan motsin ruwa kaɗan sai ya yi ta tsalle, amma in aka zuba masa kaya daidai sai ya zauna ya tafi sumul. Abin da ya sani tun yana ɗan shekara bakwai ke nan, ya kwana biyu yana nemansa a ƙarƙashin mota.

Ya mayar da falle biyu don bayan motar ya tashi, ta kuma iya aikin fadama. Sannan aka shiga gwaji da buhu. Huɗu, ƙwarya ta fantsala. Takwas, motar ta yi nauyin baya. A shida aka dace, jere daga jikin gidan direba, katifa a kai, kan mai kwanciya ta wajen gaba. Suka je Argungu suka dawo, abin da ya zube bai cika ludayi ba.

Talatar da ta biyo, Dankure ya kasa taɓa aikin kowa, yana tsaye bakin titi tun hantsi. Da motar ta iso Muhyiddeen ya rage gudu, ya ɗora yatsa a baki, ya nuna baya. Inna Laraba na barci, mayafi rufe da fuska.

Haka aka yi wata biyar. Shinkafa ta yi kuɗi, Muhyiddeen ya sayar da duk abin da ke rumbu, amma buhu shidan nan tsohuwa ta ce wanda ya taɓa su bai gama da ita lafiya ba.

Wata ranar Talata Dankure yana kwance ƙarƙashin wata mota, sai ya ga ƙafafu biyu sirara cikin silifa sun tsaya kusa da nasa, da sanda a tsakaninsu. Ya daɗe yana kallonsu bai motsa ba. Sandar ta zunguri tafin ƙafarsa.

"Hito, mai ƙarfe," in ji Inna Laraba. "Buhu guda naka ne. Da ƙafata na zo in gaya maka."