Littattafan dariya a motar Yaya Garba

Shekara shida ke nan da aka harbe yayana Garba a hanyar Gummi zuwa Anka, yana tuƙa motarsa ta haya. Waɗanda suka tsira sun ce lokacin da harbi ya tashi, rediyon motar na karanta wani littafin barkwanci, fasinjoji na dariya. A wurin zaman makoki na ji da kunnena wani na cewa da wa'azi ya sa, da cikawarsa ta fi kyau.

Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, sai maganar ta zauna mini a ƙirji. Na tambayi malamai uku, har da baffanmu na Bukkuyum. Duk sun ce babu laifi, an kashe shi ne yana neman halalinsa. Sai in koma gida in ce wataƙila ban yi tambayar daidai ba. Da na gaji motar, na zare memorin rediyon da littattafan ke ciki, na ƙulle a leda. Tun daga nan nake tuƙi shiru.

Masu maganar ba su san mafarin abin ba. Lokacin da gubar dalma ta kama yara a Yargalma, Garba na cikin masu kai uwaye da 'ya'yansu asibiti. Ya ce ba ya iya jure shirun motar, kowace uwa ta ƙura wa numfashin ɗanta ido. Sai ya je wurin masu tura waƙoƙi a waya, ya sa suka zuba masa littattafan da ake karantawa da murya. Kowanne sai ya saurare shi kaf shi kaɗai tukuna. In akwai mutuwa a ciki, ya goge. Addu'ar tafiya ce farko a motarsa, in an kira salla kuma ya kashe rediyo.

Da zai dawo yau, ba ramukan hanya za su ba shi haushi ba. Mu ne, yadda muke shiga mota muna yafe wa juna, ido a daji, ba mai tari. An raba mu da gonakin nesa, an kore shanu. Dariyar kuma ba wanda ya ƙwace, mu muka miƙa da hannunmu, ni ne ma kan gaba.

Makon jiya na sa ledar a aljihu, kwana uku na kasa kwancewa. Ran na huɗu wata dattijuwa 'yar Adabka ta shiga motar ta zauna bayana, jikinta na rawa tun daga tasha. Aka ce a hanyar nan aka ɗauke ɗanta. Na kwance ledar, na sa memorin a rediyo.

Wani alhaji da ke gaba ya juyo. «Direba, bisa hanyar ga kake sa muna tatsuniya? Ka mance yadda wanka Garba ya cika?»

Na ce, «Ban mance ba, Alhaji. Mun yi addu'a a tasha, kai ma ka ce amin. In ajali na nan gaba, shi iske mu hakanan.»

Ban rage muryar rediyon ba. Garba bai bar gida ko gona ba, abin da ya bari ke nan, kuma na gama jin kunyar abin. Mun kusa Anka dattijuwar ta taɓa kafaɗata.

«Ɗana, maida karatun baya kaɗan. Ban ji mi ya ce ma surukin nai ba.»

Na maida.