Kaka Ta Wanke Rigar

Ranar an tashi da yayyafi. A bencin ofishin kare yara wata tsohuwa ke zaune, mayafinta a jiƙe, jikarta 'yar shekara bakwai na riƙe da gefen zaninta. Hannuwan tsohuwar sun yi kanta, da gani wankau ne abincinta.

Maƙwabcinsu ne ya ɓata yarinyar. Tun jiya ake tura su ɗaki-ɗaki. Ɗan sanda ya tambaya, jami'ar walwala ta tambaya, kowa sai an faro masa daga farko, har yarinyar ta daina amsawa.

Likita ya leƙo. "Iya, ina rigar da ke jikinta ranar?"

Ta kwance ƙulli, ta miƙa masa ita fes, a goge.

"Subhanallahi! Ai shaidar kika wanke."

"Ɗan nan, da datti zan kawo ta gaban hukuma? Ɗaki uku na shiga, ba wanda ya ce in bari."

Tana juya rigar, tana neman inda laifinta yake.

Da aka rasa shaida, 'yan sanda suka sallami maƙwabcin, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninsu. Yanzu jikar tana wurin goggonta a wani gari. Tsohuwar kuwa duk Litinin tana zuwa ofishin tambayar inda maganar ta kwana.